Sojan da Surukina Ya Gyara

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maiɗakina, a gidansa da ke bayan kasuwar Illela, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ban taɓa kama sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Baba nake ce masa, haka zan ci gaba da cewa.

Jama'a ta taru. 'Yan albasa na Gidan Katta sun zo a bayan a-kori-kura, manoman Tozai da Garu da yake sayen wake a hannunsu sun zo, wasu da ƙafa. Daga Konni mota biyu ta tsallako. Ladanin unguwa ya tsaya a bakin zaure yana kallon takalman masu gaisuwa a watse, wani a kan wani, sai na ga yana share ido da bakin rawani. Ya ce, "Yau ba mai jera su." Duk wanda ya san Baba ya gane abin da yake nufi.

Can kusurwar tabarma amininsa na Konni ne zaune, tsoho mai sanda, wanda suka koyi wasan ces tare tun suna samari. Mu a makaranta ces muke ce wa wasan, 'yan Konni na cewa eshek, mutanen Illela kuwa darar Nasara. Tsohon ya jingina haɓa a kan sandarsa ya ce, "Ku albasa kunka sani. Ni na san abin da anka rasa. Ba wanda ka zama gabanai bai yi gumi ba. Da ba don yaron nan na gasar Sakkwato ba, da shi anka kai Ikko."

Baffa, ƙanen marigayin, ya ɗago kai. "Kak ka tuna min da ɗan banzan yaron ga yau."

Aka ce ya yi haƙuri, ba ranar zagi ba ce. Ni kuwa ina durƙushe a gabansu ina zuba musu ruwa a moɗa, kuma ni ne yaron. A saninna babu wanda ya san haka a duniya sai wanda muka binne. Shekara ashirin da shida ina surukinsa, ban taɓa buɗe baki na nemi gafararsa a kan abin da na yi masa ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, don a san irin mutumin da aka rasa, ko da za a san irin wanda ya rage.

Abin ya faru ina ɗalibi, ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro wasan. An shirya gasa a Sakkwato a ɗakin taron wata makaranta, wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci jiha a Ikko. A zagayen ƙarshe aka zaunar da ni da wani ɗan kasuwa daga Illela, babban mutum mai furfura a gemu, babbar rigarsa na ƙanshin albasa. Ya cinye duk wanda aka ba shi, ni ma haka. Aka ba kowannenmu takardar da zai riƙa rubuta takun wasa, aka ajiye agogo a tsakani. Fari ne nawa, baƙi nasa.

Na tura sojan gaban sarki gida biyu. Ya turo sojan gaban sarauniyarsa gida biyu, ya tare ni gaba da gaba. Na ci sojan, ya fito da sarauniya ta ci nawa. Littattafai na kiran wannan buɗi na Iskandinabiya, malamanmu kuma sun koya mana raina shi, wai sarauniya ba ta fita da wuri. Baba sammako yake kiransa. Daga baya na sha jin yana cewa ai mai son kasuwa ba ya jiran rana ta yi zafi. Na kore ta da doki, ta matsa can gefen allo ta zauna abinta. Muka ci gaba da fito da kaya, shi hankalinsa kwance, ni ina ta lissafi, domin na lura wannan tsoho bai zo da wasa ba.

A taku na bakwai, hannun rigata ya shafi sojana na can bakin allo, ya gusa, rabinsa a gida rabinsa a waje, yana shirin faɗuwa ƙasa. Lokacin takun Baba ne. Sai ya miƙo hannu, bai ko kalli wurin sosai ba, ya mayar min da sojana tsakiyar gidansa, ya koma tunaninsa.

Dokar gasa ta ce in takunka ne ka taɓa ɗan wasan abokin karawarka, dole ka ci shi in akwai hanya, sai fa in ka faɗa tun farko cewa gyarawa za ka yi. Na duba. Sarauniyarsa kaɗai ke iya cin sojan nan, kuma tana cinsa zan cinye ta. Wallahi na san gyara min ya yi. Yaro ɗan shekara biyar ma ya san haka. Amma na tsayar da agogo, na ɗaga hannu.

Alƙalin wasa ya zo, na faɗa masa. Mutumin kirki ne, ya so ya buɗe wa Baba ƙofa. Ya ce, "Alhaji, ƙila ka ce za ka gyara, hayaniya ta hana shi ji?"

Baba ya ce, "Ban ce komi ba. Yaro ya yi gaskiya, na taɓa."

Alƙalin ya juyo ya zuba min ido. Kalma ɗaya zan faɗa a ci gaba da wasa. Na kawar da kai ina kallon agogo. Baba ya ɗauki sarauniyarsa ya ci sojan, ya rubuta a takardarsa da hannu mai kyau, ni kuma na cinye ta.

Da wani ne, da a nan ya miƙa wuya ya tashi. Shi bai tashi ba. Taku talatin da huɗu ya ƙara yi ba sarauniya, ya matse ni har rigata ta jiƙe sharkaf, saura ƙiris ya ƙwace canjaras. Da abin ya ƙare muka sa hannu a takardun juna, sai ya turo min gorar ruwansa ya ce, "Yaro, sha ruwa." Na sha. Aka kai ni Ikko, na sha kashi tun a rana ta biyu, na dawo ban kawo wa jiha komai ba sai tari.

Bayan shekara huɗu aka turo ni Illela koyarwa. A nan na ga wata malama a firamaren 'yan mata, muka daidaita, aka ce in je in gaida mahaifinta. Na cire takalmi tun daga nesa, na yi sallama, na shiga zaure. Allon ces na fara gani a kan tabarma, sannan gemun. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya amsa gaisuwata a natse, ya tambayi iyayena da unguwarmu a Sakkwato. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Malam, hularka ta karkace." Na gyara. Ya nuna allon da haɓa. "Ko ka iya wanga wasa?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To." Ya ja wani ƙyalle ya rufe allon. Bayan wata uku ya ba ni 'yarsa.

Wanda bai san surukuta irin tamu ba zai ce me ya hana ni magana. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa haɗa ido da shi da gangan ba. In na hango shi a hanyar kasuwa sai in sauka daga babur in durƙusa. Ɗana na fari sunansa aka sa masa, har yau Abba muke kiransa. Tsakanin suruki da suruki gaisuwa ce da addu'a, sai in an aike ka. Na fake da wannan kunya, na mayar da ita garkuwa. Amma in faɗi gaskiya, tsoro ne. Ina tsoron matata ta ji, ina tsoron bakin Baffa, ina tsoron Illela ta san malamin da ke koya wa 'ya'yanta tarbiyya.

Da na zauna kusa da shi ne na gane hannun nan da ya miƙo ran gasa ba kuskure ba ne, halinsa ne. Baba ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Shi ne na ƙarshen shiga masallaci kullum, domin sai ya jera takalman mutane biyu-biyu, baki na kallon hanya. Yana cikin ciniki da kai zai miƙa hannu ya daidaita maka wuyan riga. Ranar Lahadi a kasuwa, in aka yi lodin albasa ya ga buhu ɗaya ya leƙo, sai an sauke rabin mota. 'Yan dako sun sha yi masa Allah-ya-isa a ɓoye, shi kuma ya sha yi musu tsawa a fili, don Baba akwai faɗa in ya tashi, kuma ba ya jin lallashi. In an gama sai ya aika a sayo musu fura. Kalmarsa ɗaya ce, "Gyara wurin ga." Jikokinsa har kwaikwayonsa suke yi in ya ba da baya.

Labarin gasar kuwa ba ya ɓoye shi. Bayan la'asar, in an taru a zaure, ko wani baƙo ya tsallako daga Konni, sai ya ɗauko gwangwanin da yake ajiye takardar wasan, ya jera allo, ya bi takun ɗaya bayan ɗaya. Yana son buɗin nan nasa kamar ɗa. Zai nuna yadda sarauniya ke zama a gefe tana kallon kasuwa, yadda doki ke fitowa, yadda komai ke samun wurinsa. In ya kai taku na bakwai sai ya ce, "Nan hannuna yar riga bakina." A yi dariya, a yi tsaki. Ni ina can bakin ƙofa inda suruki ke zama, kaina a ƙasa.

Ranar da na fara ganin takardar kusa, na lura samanta, inda ake rubuta sunayen 'yan wasa, an naɗe shi baya an liƙe da ƙaro. Haka ƙasanta, wurin sa hannu. Maiɗakina ta ce min tun tana budurwa takardar a buɗe take, ba ta dai taɓa kula da sunan ba. Wajen bikinmu ne ta ga an liƙe.

A kan wannan liƙi suka yi rigima da Baffa, rigimar da ba su taɓa yin irinta ba ko a kan gado. Baffa direba ne a da, bakinsa ba linzami. Wata rana labarin ya ci shi, ya ce, "Yaya, buɗe muna mu ga sunan. Sakkwato nawa take? In nemo shi in gaya mai abin da uwatai ba ta gaya mai ba."

Baba ya ce, "Mi za ka yi da suna? Doka ya bi."

"Doka mi? Mutum ya gyara maka kayanka, ka saka mai da wanga? Wanga ba ɗan halak ba na."

Ya kai hannu zai fizgi takardar. Ban taɓa ganin Baba ya miƙe da sauri haka ba. Ya riƙe wuyan hannun ƙanensa, ya ce, "Ba a zagin ɗan mutane cikin zaurena. Yaro na, kuma yaro shina girma. Tashi ka ba ni wuri." Kasuwa biyu ba su yi magana ba, sai da aminin Konni ya tsallako ya sasanta su. Ina wurin aka yi komai. Na tashi na ce ina da aikin makaranta.

Kada wani ya ɗauka abin bai yi masa ciwo ba. Bai sake shiga gasa ba har ya mutu, ko da aka aiko masa da takardar gayyata. Akwai ranar da aka aike ni da saƙo da rana tsaka, na same shi shi kaɗai a zaure, bai ji sallamata ba. Ya jera allon daidai taku na bakwai. Na ga ya tura sojan gaban sarkinsa gida ɗaya, takun da ya yi niyya ran nan ke nan, ya zauna yana kallonsa, hannu a kumatu. Ya daɗe haka. Sannan ya mayar da sojan baya. Na koma da baya a hankali, na ba wani saƙon ya kai.

Da mahaifina ya rasu, Baba ya bar kasuwar Lahadi, abin da ba ya yi ko yana zazzaɓi, ya zo Sakkwato ya kwana uku. Danginmu ma'aikatan gwamnati ne, masu manyan riguna da manyan motoci, ba su san shi ba. Bai shiga cikin manya ya zauna ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana jera takalman masu gaisuwa, har wani kawuna ya ɗauka mai gadi ne ya aike shi sayen goro. Ya je ya sayo. Ran da zai koma na raka shi tasha, mu biyu kaɗai, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yanzu ni na ubanka. In akwai abin da ka damunka, ka hwaɗa min." Saura ƙiris in faɗa masa. Na ce, "Ba komai, Baba. Allah ya saka da alheri."

Jinyar Baba ba ta yi tsawo ba, sati uku ne. Ana gobe zai rasu na shirya, na ce yau kam sai na faɗa ko da sama za ta faɗo. Na shiga ɗakin bayan la'asar. Baffa na zaune a gefen gado, maiɗakina na yi masa fifita. Ya rame, amma idonsa tar. Na durƙusa na kama hannunsa, karo na farko tun ran da muka yi musabaha a gasa. Na ce, "Baba, a yafe mu."

Bai saki hannuna ba. Ya zuba min ido yana jira. Na ji Baffa ya gyara zama. Na ji fifitar ta tsaya. Na sake cewa, "A yafe mu duk abin da muka yi."

Ya lumshe ido ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai." Ya sake ni.

Na tambayi wani malami, ba tare da na faɗi ko wane ne ba. Ya ce yafiyar jimla ta wadatar, in sha Allah. Ina fata haka ne. Amma ni na san irin yafiyar da na nema, irin wadda kowa ke nema ce a bakin gadon mara lafiya, wadda mai sayar da goro ma ya nema da ya shigo. Ban ba shi abin da yake nawa ba.

Ran addu'ar bakwai, da jama'a ta ragu da hantsi, na ce wa maiɗakina ta yi min iso wurin Inna, mahaifiyarta, da ke cikin takaba. Na durƙusa a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu, matata na tsaye riƙe da tire. Na yi gaisuwa, na yi addu'a: Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya daidaita masa hisabi yadda ya yi ta daidaita wa mutane al'amuransu. Inna ta amsa. Sannan na faɗa, ban tsallake komai ba. Na ce ni ne yaron Sakkwato, na san gyara min ya yi, na kira alƙali, na kuma yi masa ƙarya ran da na fara shiga zaurensa.

Matata ta ajiye tiren a ƙasa a hankali. Har yau ba mu gama wannan magana ba.

Inna ta ce, "Na sani, ɗana. Tun ran da kaz zo gaisuwa yash shigo yag gaya min."

Na ce, "Inna, ya yi fushi da ni?"

"Fushi? Da ya yi fushi ya ba ka ɗiyatai? Ni ce nic ce ya yi maka magana a wuce wurin. Yac ce a'a, in shi yaf fara, ya ƙwace maka ladarka, kuma za ka ji kunyar shigowa gidan ga har abada. Yac ce a bar ka, za ka zo da kanka."

Na kasa ɗaga kai. Ta ja numfashi, na ji ƙarar carbinta ya tsaya.

"Kowace Sallah, in lokacin zuwanka gaisuwa ya yi, sai ya sallami mutanen zaure, har Baffanku, ya ce shina son ya huta. In ka tahi ya shigo, in ce mi anka yi? Ya ce, ba yau ba, wata Sallah."

Na yi lissafi ina durƙushe a wurin. Sallah hamsin da biyu na same shi zaune shi kaɗai, na gaishe shi, na yi masa barka, na tashi na sa takalmina.